Tsohon da Ya Binne Ɓaure

A Elmhaven ba a yarda kowa ya yi shinge ba. Kamfanin da ya gina unguwar bayan yaƙi ne ya kafa dokar, wai don ido ya sha iska. Idan ka tsaya a bayan gidanka kana hango bayan gidajen layin gaba ɗaya, ciyawa shimfiɗe kamar darduma guda, gidaje farare iri ɗaya kamar ƙwai a kwando. Abin da ka yi da safe, kafin rana ta take an gama shan gahawa a kansa.

Cikin irin wannan wuri aka kawo Baba Calogero.

Surukin yayata ne. Yayata Concetta a nan Connie take. Mijinta Rosario Ferrante ya tafi yaƙi da sunansa, ya dawo ya samu aikin sayar da inshora, ya zama Ross Ferris. Ni Nunzia, idan akwai baƙi Nancy. Na gama jami'a na samu aiki a laburaren garin, suka ba ni ƙaramin ɗaki kusa da na tsohon. Dukkanmu layi ɗaya muka tashi a unguwar 'yan Italiya ta Brooklyn, amma wannan magana ba a yin ta a Elmhaven.

An rushe gidan da Baba yake haya za a yi babbar hanya, sai Ross ya ɗauko shi. Tsohon ya sauko daga mota da akwati guda da wani itace mai tsawon mutum, saiwarsa cikin tsohon bokiti.

"Baba, wannan sandar fa?"

"Sanda? Ɓauren uwarka ne, marar kunya. Ka ci 'ya'yansa har cikinka ya ɓaci."

"To, to. Can baya za ka dasa shi, can ƙarshe. Kuma ka rage murya."

Rage murya, shi ne darasi na farko. Baba bai iya Turanci ba sai na sayen burodi da gaisuwa, sauran duk yaren Sisili ne, ƙasarsa ta haihuwa can Italiya, kuma da ƙarfi yake yin sa kamar mai kiran wani daga ƙetaren kogi. Kwana biyu da zuwansa Misis Whitcomb ta gidan dama, shugabar ƙungiyar matan lambu, ta shigo da kek na maraba. Ta ji shi yana magana da ɓaurensa, ta karkata kai.

"Wane harshe ne wannan, Connie?"

Na ga wuyan yayata ya yi ja. "Ai shanyewar jiki ce ta taɓa shi bara. Harshen ya karye, mu ma da ƙyar muke ganewa."

"Wayyo, bawan Allah! Sannu, Mista Ferris!" Ta faɗa da ƙarfi a kunnensa.

Baba ya cire hula ya rusuna mata, ya juyo gare ni. "Me take wa ihu? Gobara ake yi?"

Mutumin da ko zazzaɓi ban taɓa jin ya yi ba, daga ranar ya zama mai shanyewar jiki.

Ya dasa tumatir a tsakanin furannin ƙofar gida. Connie ta tumɓuke su tun kafin su yi fure.

"Baba, nan ba gona ba ce."

"To mene ne? Ba ku da akuya, ba ku da tunkiya, kuna noman ciyawa. Ku ba ta ruwa, ku ba ta taki, ta girma ku aske ta ku zubar. Wa ya koya muku wannan sana'ar?"

"Haka kowa yake yi."

"Kowa! Wane ne kowa? Ki kawo shi in gan shi."

Ya fitar da kujera ya zauna a bakin ƙofa da singileti, kamar yadda ya saba yi duk yamma tsawon rayuwarsa, yana jiran wanda zai gaisa da shi. Ba wanda ya wuce da ƙafa. Motoci ne kawai, kowace ta shige garejinta. Da motar ɗansa ta shigo layin sai ya miƙe yana ɗaga hannu, yana kiransa da gajeren sunansa na gida.

"Saro! Saro!"

Ross ya fito fuska a ɗaure, ya kama kujerar da hannu ɗaya, ubansa da ɗaya, ya shigar da su ciki.

"Sunana Ross. Sau nawa zan faɗa?"

"Ni dai ranar da aka zuba maka ruwa a coci, Rosario na ji limamin cocin ya ce."

"Baba, mutanen layin nan su ne masu sayen inshorata. Kana so mu ci abinci ko ba ka so?"

"Wannan burodin da yake kamar auduga? Ba na so."

Aka hana zaman ƙofa. Aka hana tafarnuwa saboda labule yana ɗaukar wari. Idan an yi baƙi, a kai masa abinci ɗaki a kan tire, a rufe ƙofa, a ce yana hutawa. Wata Asabar ya sa kwat ya fita neman gidan burodi na gaske, da inda tsofaffi suke zama su buga karta. Babu. A Elmhaven ko hanyar masu ƙafa ba a yi ba. Ya bi gefen kwalta har babban titi, ɗan sanda ya gan shi, ya tabbata mai tafiya a ƙasa ko ɓarawo ne ko ɓatacce, ya sako shi a mota ya kawo shi gida. Labulen layin duk suka motsa.

"Yawan ɓata yake yi?" in ji ɗan sandan.

"Kwanan nan ya fara," in ji Connie, ba ta ko ƙifta ido ba.

"Ban ɓata ba!" Baba yana faɗa da yarensa. "Garin ne babu komai a cikinsa!"

Daga nan aka sa wa ƙofar gaba sakata ta sama. Duniyarsa ta koma ɗakinsa da ƙarshen filin baya, inda ɓauren yake. Can yake yini, ya zauna a kan bokitin da aka kife, yana cire wa ɓauren busasshen ganye. A ƙarshen zafi ya yi 'ya'ya kaɗan. Ya kawo su a cikin hularsa ya ajiye a tebur. Na ga Ross ya ɗauki ɗaya a tsaye a kicin, ya juya wa taga baya, ya cinye har da ɓawo.

Sai ganye ya zube, sanyi ya fara cizo.

Duk wanda ya tashi a layinmu na dā ya san abin da ake yi wa ɓaure idan sanyi ya matso. Itacen ƙasar rana ne, ƙanƙarar nan kashe shi take yi. Sai a ɗaure rassansa da igiya, a haƙa rami mai tsawonsa a gefe, a sassauta saiwar ta ɓangare ɗaya, a kwantar da shi a hankali, a rufe da katako da tsohuwar darduma, a mayar da ƙasa. Idan sanyi ya wuce a tone shi a tayar. Mahaifinmu ya yi, maƙwabtanmu sun yi, Ross da kansa yana yaro shi yake riƙe igiya.

Ranar wata Talata da hantsi Baba ya ɗauki shebur. Ina gida ranar. Ya haƙa dogon rami, ya naɗe itacen da buhu, ya kwantar da shi yana lallashinsa kamar jariri, ya rufe, ya daddaɓe ƙasar ta yi tudu. Ya cire hula ya yi alamar gicciye, don haka yake yi ko miya zai sha. Ya dawo ciki yana murmushi, karo na farko cikin watanni.

Ko hannu bai gama wankewa ba Misis Whitcomb ta ƙwanƙwasa, da wasu mata biyu a bayanta.

"Connie, 'yar uwa, ki zauna tukuna. Kin ga abin da surukinki ya yi? Kabari ya haƙa! Ya yi wa itace likkafani ya binne, har da addu'a. Da idona na gani."

"Yarana suna wasa a wajen," in ji ɗayar. "Yau itace ne. Gobe fa?"

Ina tsaye da butar gahawa, ina jiran Connie ta yi dariya. Magana ce ta numfashi ɗaya: saboda sanyi ne, haka ake yi a wajenmu. Amma in ta ce wajenmu, za a ce ina ne wajenku. Ta dubi matan, ta dubi firjinta sabo, ta sa hannu ta rufe baki.

"Na shiga uku," ta ce. "Abin har ya kai haka?"

Suka rungume ta. Da yamma aka aiko da kek guda biyu.

Da Ross ya dawo na same su a kicin. Ba ni da yawan magana, a gidan ma an fi sanina da shiru, amma na ce, "Yaya, kin san dalilin. Kai ma ka sani."

"Sanin me?" in ji Ross. "Na san mutumin da ɗan sanda ya tsinto a titi. Na san mutumin da yake hira da itace."

"Da wa zai yi hirar?"

"Ke yarinya ce, Nunzia," in ji Connie. Idan ranta ya ɓaci sai ta manta da Nancy. "Ba ke kike zaune da shi yini guda ba. Ba ke ake kallo a kanti ba. Mun sha wahala kafin mu fito daga wancan layin mai warin kifi, ba zan koma ba, ko a bakin mutane."

"Kuma don kansa ne," in ji Ross. "Ba ya jin daɗin nan. Kin gan shi yana jin daɗi?"

Wannan kam gaskiya ce. Wanda ya ɗaure akuya a rana shi ya fi kowa sanin tana jin ƙishi.

Dakta Pruitt ya zo ranar Alhamis. A layi na gaba yake, shi ne kuma zai tsaya wa Ross a shigar da shi kulob ɗin ƙwallon golf. Ya zauna a falo da jakarsa a cinya, yana duba agogo. Aka fito da Baba, ya sa kwat, ya taje gashin baki, a zatonsa baƙo ne aka yarda ya gaisa da shi.

"Mista Ferris, yau wace rana ce?"

Baba ya dubi ɗansa. "Me ya ce?"

Likita ya wuce zuwa tambaya ta gaba.

"Wane ne shugaban ƙasa?"

"Saro, ka gaya mini abin da yake so mana."

Likita ya ɗaga gira. "Wannan ai ba karyewar harshe ba ce. Wani yare ne."

"Na yarintarsa ne," in ji Ross da sauri. "Da can ya daina. Kwanan nan ya dawo masa. Ni ma ban cika ji ba."

"Haka ne, haka ne. Idan ƙwaƙwalwa ta fara tafiya, baya take komawa. Gwada tambayarsa don me ya binne itacen."

Ross ya haɗa tambayar da ƙyar, yana ciccije kalmomin da ya sha a nono kamar yau ya fara jin su. Baba ya yi dariya har ya buga gwiwa.

"Wannan ce tambayar? Ka ce masa sanyi! Ka ce masa barci yake yi, in rana ta dawo zan tashe shi. Kai ba kai ne mai riƙe mini igiya ba, kana kuka hannunka ya daskare?"

"Me ya ce?"

Ross ya dubi takalminsa. "Wai barci yake yi. Wai zai tashe shi."

Likita ya girgiza kai cikin tausayi.

Sai na sa baki da ƙaramar murya. "Ya ce saboda sanyi ne, Dakta. Ɓaure ba ya jure ƙanƙara. Haka ake yi."

"Nancy, gahawar likita ta huce," in ji Connie.

Dakta Pruitt ya yi mini murmushin da ake yi wa yaron da ya sa baki a maganar manya. "Ke ce mai jami'ar ko? Iyali kullum suna neman wa abin dalili, 'yata. Ƙauna ce. Amma ni shekarata nawa ina lambu, ban taɓa jin an binne itace da rai ba." Ya miƙe ya dafa kafaɗar Ross. "Ka yi ƙoƙari. Ba kowane ɗa ne zai riƙe shi har yanzu ba."

Baba ya miƙa wa likita hannu, ya ce da Turancinsa na gaisuwa, "Na gode, ka dawo."

Ranar Lahadi bayan coci aka ce masa za a je ganin wani wuri mai babban lambu. Ya goge takalmi. A mota yana ta nuna gonaki yana faɗin wadda aka yi wa noma da kyau da wadda malalaci ne mai ita. Wurin asibitin masu taɓin hankali ne na jiha, ginin jan bulo, dogo, tagoginsa da raga. Lambun yana nan, amma ta taga ake ganinsa. Da ma'aikata biyu suka kama shi ta gwiwar hannu bai yi gardama ba, ya waiwayo ne kawai.

"Saro, ina za su kai ni? Saro?"

Ross yana ta sa hannu a inda aka nuna masa. A hanyar dawowa ya kunna rediyo. Connie ta ce wurin yana da tsabta, ta ce an ce abincinsu ma ba laifi, ta ce ɗakinsa zai yi kyau da keken ɗinki.

Ni nake zuwa duba shi, bas biyu da tafiyar ƙafa. Ross ya ce zuwansa tayar masa da hankali zai yi. Connie ta ce warin wurin yana sa mata ciwon kai. Zuwana na farko Baba ya yi ta faɗa, ya zagi likitoci, ya zagi miyarsu, ya ce in gaya wa Saro wasan ya isa. Ma'aikatan ba sa jin abin da yake cewa, sai suka rubuta shi cikin masu tayar da hankali, suka ƙara masa magani. Zuwa tsakiyar sanyi an aske masa gashin baki. Rigar asibiti ta yi masa yawa. Yana zaune a dogon ɗaki cikin tsofaffi masu kallon bango, hannayensa a cinya, sun yi fari sun yi laushi, hannayen da na sani da kanta.

Da ƙanƙara ta fara narkewa na same shi a bakin taga. Ya daɗe kafin ya gane ni.

"Nunzia. Tsuntsaye sun dawo?"

"Sun fara, Baba."

"To ki gaya wa Saro ya tone shi. In ya daɗe a ƙasa ruɓewa zai yi. A hankali, kada ya sa shebur kusa da saiwa. Ya sani." Ya mayar da ido ga taga. "In ya tone, ya zo ya ɗauke ni in gani. Ba zan yi magana a waje ba. Ki ce masa na yi alkawari."

Na isar da saƙon yadda aka ba ni, a teburin karin kumallo. Ross ya ajiye jarida.

"In fita da shebur in tone kabari a gaban layin nan? Su ce abin gado ne?"

"Ni zan tone."

"Ba a gidana ba. Masu siminti ma suna zuwa Asabar."

Suka zo. Suka baje tudun, suka zuba daɓe mai faɗi tun daga ƙofar kicin har ƙarshen fili, aka gina murhun gashin nama na bulo a daidai kusurwar da ɓauren yake. Kowa a layin yana da irinsa, mu ne muka makara.

Aka buɗe shi da walima farkon zafi. An karɓi Ross a kulob, ya sa hular masu dafa abinci yana juya nama, maza suna zagaye da shi da kwalabe suna gardamar wace mota ce ta fi. Misis Whitcomb tana kujerar da ta fi kowace kyau, faranti a cinya.

"Connie, kin yi asara da ba ki zo taron lambu na jiya ba. Wani masani muka gayyato daga birni. Kin san abin da ya ce? Wai ɓaure ana iya shuka shi a nan! Wai mutanen Italiya idan sanyi ya zo sai su haƙa rami su kwantar da shi su rufe, in ya wuce su tone." Ta yi dariya, sai dariyar ta yanke. Ta dubi daɓen da ke ƙarƙashin ƙafarta. "Sai na ji gabana ya faɗi. Na ce anya surukinki..."

Kitse yana ɗiga a wuta. Ga ƙofa an buɗe wa Ross da Connie har bango. Matar da ta fara kawo maganar ita ce ta dawo da ita, a gaban shaidu, likitan ma yana tsaye da faranti. Kalma ɗaya, gobe a je a ɗauko Baba.

"Italiya?" in ji Connie. "Ikon Allah. Mu dai ba mu taɓa ji ba."

"Abin da ya yi ke nan," na ce. "Abin da ya gaya wa likita ke nan."

Ross bai juyo ba. "Likita ne ya duba shi, ba ni ba. Ni inshora nake sayarwa."

"Ai ba itacen kaɗai ba ne," in ji Dakta Pruitt da nama a baki. "Akwai ɓata, akwai harshe. Abubuwa ne da yawa."

"Haka ne," in ji Misis Whitcomb, ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara zama. "Likita ya fi mu sani."

Aka ci gaba da ci. Na tsaya ina kallonsu, mutane masu tsabta, masu fara'a, ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani hannu. A Elmhaven uba mahaukaci ba abin kunya ba ne, ƙaddara ce, har kek ake kawo maka. Uba ɗan ƙauyen Sisili mai warin tafarnuwa shi ne ba a yafewa. Ross da Connie sun auna biyun, sun zaɓi mai sauƙi, kuma yau da aka sake ba su zaɓi ba su canza ba.

Misis Whitcomb ta miƙa faranti a ƙara mata.

"Ni kam na sa a kawo mini ɓaure guda biyu, kafin matan layin baya su riga ni. Sai dai binnewar ce, an ce sai wanda ya iya, in ba haka ba saiwar ta karye. Ross, kai da ka san mutane, ko ka san wani tsoho da ya iya aikin?"

Ross ya ɗora mata nama mai zafi a faranti, ya goge hannu a tawul.

"Gaskiya ban san kowa ba," ya ce.